Rundeck: ta fi cron idan sabobi sun yi yawa, amma da sharaɗi

Cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka da kanta a lokacin da aka tsara, ba shi da laifi a kan saba (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) ɗaya. Rikici yana farawa ne idan sabobi suka kai goma ko ashirin, kowace da nata crontab (fayil ɗin jadawalin cron), aiki ya mutu da tsakar dare ba wanda ya sani sai gari ya waye. Nan Rundeck take da rana. Manhaja ce ta Java da ake samu kyauta, kamfanin PagerDuty ya saye ta a 2020. A na'ura ɗaya ake girka ta, ta riƙa shiga sauran ta SSH (amintacciyar hanyar shiga kwamfuta daga nesa), ba sai an ɗora musu komai ba. Ka zaɓi sabobin da aiki zai bi, guda nawa a lokaci ɗaya, da ko a tsaya idan ɗaya ta gaza. Sakamakon kowace yana shafi guda.

Tuntuɓen farko a wajen girkawa ne. Shafinta yana kan tashar 4440, amma in ba ka gyara adireshinta (grails.serverURL) a cikin fayil ɗin rundeck-config.properties ba, kana shiga za ta maida kai localhost, wato kwamfutar da kake kai. Sunan shiga da kalmar sirri na farko duk admin ne, a canza su nan take. Rumbun bayanan H2 da take zuwa da shi na gwaji ne kawai. A koma rumbun PostgreSQL ko MariaDB tun kafin tarihin ayyuka ya taru.

Inda aka fi cin wuya shi ne jadawali. Tsarin Quartz (manhajar jadawali ta Java) take bi, ba na cron ba, don haka kwafo layin crontab kai tsaye ba ya yi. Gurbin farko na daƙiƙa ne, kuma dole ranar wata ko ranar mako ɗaya ta zama alamar tambaya: ƙarfe 2:30 na dare kullum shi ne 0 30 2 * * ? *. Ga wani tarko: a gurbin ranar mako, a cron 1 Litinin ce, a Quartz kuwa Lahadi. Aiki goma kacal take gudanarwa a lokaci guda sai an ƙara adadin, saboda haka kada a jibge komai a ƙarfe 12 na dare.

Babban rauninta: idan na'urar Rundeck ta faɗi, jadawali ya tsaya cak, haɗa na'urori biyu su rufa wa juna baya kuma sai a sigar kuɗi. Saboda haka ajiyar kwafin bayanai ta dare gara a bar ta a systemd timer (mai tsara lokacin ayyuka a Linux) na kowace saba, da Persistent=true, wanda ke rama aikin da ya wuce bayan an kunna na'ura.