Dokar kare bayanai: wa za ka biya, kuma yaushe?

Tun da shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, masu tallan "kawo mu daidaita maka takardu" suka yi yawa. Wannan ya ce manhaja za ka saya, wancan ya ce kwas za ka yi, wani kuma ya turo farashin da ya fi ribar shagonka ta wata uku. Kada ka ba kowa ko sisi sai ka san mutum nawa kake riƙe da bayanansu, don da wannan lissafin hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC, take raba 'yan kasuwa.

Ɗauko littafin nan da yaron POS yake rubuta suna da lambar asusu da lambar waya. Ko fayil ɗin ɗalibai in makarantar kuɗi gare ka, ko adireshin matan da kake aika wa atamfa ta WhatsApp. Idan a wata shida mutanen sun haura 200, ka shiga mafi ƙanƙanta cikin matakan rajista uku, kuɗin rajistarsa naira 10,000. Wanda ya haura 1,000 yana biyan 100,000, wanda ya wuce 5,000 kuma 250,000. Irin sana'ar ma ana dubawa. Wanda bai kai 200 ba, dokar tana kansa, ko da rajistar ba ta hau shi ba.

Cikin hanyoyin bin dokar, ta farko kuma mafi araha ita ce ka yi da kanka, kuma ga mai ƙaramin shago ita nake ganin ta fi. Aikin ba na boko mai zurfi ba ne. Ka rubuta abin da kake karɓa da dalilin karɓarsa, ka manna sanarwa a inda kwastoma zai gani, da Hausa in da Hausa kuke ciniki. Ka daina karɓar abin da ba ka buƙata: me ya haɗa mai sayar da takalmi da lambar NIN? Wayar shago a sa mata makulli, yaron da ya bar aiki a canza lambar sirri ran da ya tafi. Tsoffin fom kuwa a ƙone su, kada a wayi gari mai ƙosai tana naɗe wa mutane ƙosai da takardar haihuwar ɗan wani. Matsalar wannan hanya guda ce: in abu ya ɓaci kai kaɗai ne. Idan aka sace bayanai ta yadda zai iya cutar da masu su, awa 72 doka ta ba ka ka sanar da hukuma.

Ta biyu, ka tura ma'aikaci ɗaya horo ya zama jami'in kare bayanai. Ta dace da makaranta ko ɗakin gwajin jini, inda bayanan yara da na lafiya suke, kuma doka ta fi tsanantawa a kansu. Sai dai ka zaɓi wanda zai zauna, in ba haka ba ka horar wa wani kamfani.

Ta uku ita ce kamfanonin da NDPC ta ba lasisin taimaka wa mutane bin dokar, ana ce musu DPCO. Su ne masu tsada. Amma in kana cikin manyan matakan nan biyu, rahoton binciken shekara da ake miƙawa kafin ƙarshen Maris ta hannunsu ya kan bi. Kafin ciniki ka duba sunansu a jerin da ke shafin hukumar, ka nemi su rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa. Wanda ya ce zai kawo maka satifiket ba tare da ya leƙa ofishinka ko ya tambayi inda kake ajiye fayil ba, ka sallame shi.

Manhaja da takardun da ake kwafowa daga intanet su ne na ƙarshe a wurina. Da yawa don dokar Turai aka tsara su, sai ka ga shago a Kantin Kwari yana alkawarin abin da mai shi bai taɓa ji ba.

Tarar ba wasa ba ce. Ga wanda ya kai matakin rajista, tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ya shigo masa a shekarar baya, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran, miliyan 2 ne ko wannan kason.