Hattara da mai tallar "wayar sauti mai bakin zinariya"

Jama'a, ina roƙon ku karanta wannan ku tura wa 'yan uwa, musamman masu gidajen kallon ƙwallo da masu hayar kayan sauti na biki.

Ƙanena yana da gidan kallo a unguwarmu. Watan jiya ya sayi sabuwar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), ya ga tallar wani mutum a Facebook yana cewa yana da wayar oftikal (kebul ɗin jona kayan sauti) "ta musamman" mai bakin zinariya, wai tana fito da sautin da wayar koksiyal (wani nau'in kebul ɗin) ba za ta taɓa fitarwa ba. Ya je har shagonsa. Mutumin ya sa masa waƙa ta wata tsohuwar wayar sauti, sauti ya fito sanyi-sanyi. Ya ce, "Yallaɓai, yanzu saurari ta gaske." Ya danna rimot, ganga ta fara dukan ƙirji. Nan take ƙanena ya tura masa naira 38,000, kuɗin da ya tara na tsawon makonni daga ɗari-ɗarin 'yan kallo.

Da ya kawo ta gida, ni na jona masa da hannuna. Babu abin da ya canza. Muka mayar da tsohuwar, muka sake sa sabuwar, sauti ɗaya sak. Ya zauna a kan benci riƙe da kwalin, ya kasa cewa uffan. Abin ya taɓa min zuciya ƙwarai, domin na san wahalar da yake sha da kuɗin man janareta.

Sai daga baya muka gano dabarar. Wayoyin biyu ba a kafa ɗaya (ramin da ake soka waya a jikin amfilifaya) mutumin ya jona su ba. Amfilifaya da yawa tana riƙe saitin kowace kafa daban, don haka ya riga ya ƙara ƙarfin murya da ganga a kafar da wayar da yake sayarwa take. Kunnen ɗan Adam kuwa, da an ɗan ƙara ƙarfi sai ya ji kamar sautin ya fi daɗi.

Shekaruna da dama ina haɗa kayan sauti, don haka bari in faɗi yadda abin yake. Oftikal da koksiyal saƙo iri ɗaya suke ɗauka, tsarin da ake kira S/PDIF wanda Sony da Philips suka fitar. Abin da ke bi ta cikinsu lambobi ne, sifili da ɗaya, sai na'urar da ta karɓa ta mayar da su sauti. Koksiyal tana tura lambobin da lantarki ta cikin tagulla mai awon om 75. Oftikal, wadda Toshiba ta fito da ita a 1983 da sunan TOSLINK, tana tura su da jan haske ta cikin siririn zaren roba. Ka cire bakinta ka duba, za ka ga jan hasken da idonka. To ina tambaya: me zinariya za ta yi wa haske? Ana shafa ruwan zinariya a bakin wayar lantarki ne don kada ya yi tsatsa. A oftikal, ko ɗigon lantarki ba ya bi ta wurin, ado ne kawai na jan hankalin mai saye.

Idan lambobin sun isa lafiya, waya ba ta da ikon ƙara wa ganga nauyi ko ta zaƙaƙa muryar mai sharhin wasa. Idan kuma ta lalace, za ka ji sautin yana yankewa, ko ya yi ƙas-ƙas, ko ya ɗauke gaba ɗaya.

Ban ce babu wani bambanci tsakaninsu ba, sai dai ba wanda ɗan damfarar yake tallatawa ba ne. Oftikal ba ta haɗa lantarkin na'urori biyu, saboda haka idan sifika tana wannan gurnanin "huuum" saboda matsalar wayarin gida, takan iya raba ka da shi. Amma ba ta son lanƙwasa, kuma idan ta wuce mita 5 zuwa 10 hasken kan raunana. Koksiyal ta fi jure ja da takawa. Dukansu suna ɗaukar sautin sifika biyu da kuma Dolby Digital da DTS na 5.1, wato tsare-tsaren sautin sifika shida irin na sinima. Babu wadda ke ɗaukar Dolby TrueHD (tsarin da ya fi waɗannan nauyi) a cikinsu, wannan sai HDMI, wayar da ke ɗaukar hoto da sauti tare. Mutumin nan har ya rubuta a tallarsa cewa tasa tana ɗauka. Ƙarya ce tsagwaronta.

Wani abin da suke cin kasuwa da shi: mutum ya jona oftikal bai ji komai ba, sai su ce wayarsa ce jabu. Sau da yawa 'yar hular robar da ke bakin wayar ce bai cire ba, ko kuma talabijin na tura Dolby ga na'urar da ba ta iya karanta shi. Shiga saitin sautin talabijin ka zaɓi PCM (tsarin sauti na gama-gari), sau da yawa shi ke nan.

Duk wanda ya ce zai gwada maka, ka ce a gwada tasa da wata oftikal ta gama-gari a kafa ɗaya, kada a taɓa rimot, ka juya baya wani ya riƙa canza wayoyin sau goma ba tare da ka sani ba. Da muka koma shagon, wannan gwajin na nemi mu yi. Ya ce shi ba ya mayar da kuɗi, kuma yana da baƙi. Da yamma ya toshe lambar ƙanena. Shekaranjiya na sake ganin bidiyon tallarsa a wani shafi mai sabon suna, da jan kwalin nan da amfilifayar nan, kuma mutane na ta tambayar farashi a ƙasa.