Aikin ɗumama tayil da aka yi mana a kicin

Yaya barka da war haka. Ka ce in ba ka labarin aikin nan, to ga shi. Mu da muka taso muna neman sanyin tayil mu baje a kai, nan Ingila in ka taka shi ba takalmi da asuba a watan Janairu har cikin ƙashi za ka ji, dole na nemi masu sa abin ɗumama daɓe.

Iri biyu ne. Akwai na bututun ruwan zafi, ya fi sauƙin kuɗin amfani amma aikinsa babba ne, sai kuma na lantarki, wata raga ce kamar tabarma da waya a jikinta, siririya sosai, ana shimfiɗa ta a kan tsohon tayil ba sai an fasa ba. Shi na ɗauka.

Mutumin da ya zo bai taɓa komai ba sai da ya bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da gindin sukundireba, wanda ya yi ƙarar fanko ya cire ya cike gurbin. Inda muka ja da shi kuwa allunan tare zafi ne, masu kaurin milimita 6 da ake mannawa kafin ragar. Ni da wayona na ce a bar su a rage kuɗi, ya ce ai kankaren da ke ƙasa shi zai riƙa shanye zafin, mita na gudu ƙafa na daskarewa. Na yi shiru, kuma wallahi gaskiyarsa, abokina da aka yi wa babu allunan sai ya kunna nasa tun cikin dare.

Ragar ana yanka ta a juya, wayar kam ko kusa, in ta tsinke an shiga uku, shi ya sa sau uku ya gwada wayar da na'urar auna lantarki yana rubutawa. Ba a sa ta ƙarƙashin kabad. Haɗa wuta kuma sai ma'aikacin lantarki mai rajista, har takardar shaida ya ba ni, wannan tsari nasu ya burge ni. Muka jira sati biyu simintin da aka rufe ragar da shi ya bushe kafin a kunna.

Amma fa tana cin wuta, wat 150 ce kowace murabba'in mita, namu 10 ne, ka ga kilowat 1.5 ke nan, sai safe da yamma kawai na saita ta. Daɓen ma ya ƙara tudu, ƙofar kicin ta ƙi rufuwa sai da kafinta ya zo ya kankare gindinta.