Ɗakin Gumi da Ruwan Ƙanƙara: Abin da Na Gani a Tampere

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya yara, ya shago? Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga bidiyon da kika turo na matar nan da take shiga baho cike da ƙanƙara. Kin ce amare sun fara tambayarki ko kina yin irinsa, kuma an kawo miki tallar akwatin gumi mai amfani da lantarki. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, na kuma sa a fili, don na san ba ke kaɗai ba ce mai gyaran jiki da ake yi wa wannan tambaya.

Mutanen Finland, ƙasar da nake zaune, ba su kai miliyan 6 ba, amma ɗakunan gumi, waɗanda suke kira sauna, an ƙiyasta sun kai miliyan 3. A 2020 UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na duniya. Kada ki ɗauka harkar masu hali ce. A benen da nake haya akwai ɗaki guda a ƙasa na kowa da kowa, kowane gida da awarsa a mako, an rubuta a allo, ana ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kuɗin haya. Ɗakin katako ne da benci hawa-hawa, da murhu da aka tara duwatsu a kansa. A bango akwai ma'aunin zafi, yawanci yana tsakanin digiri 70 da 90. Sai ki ɗebi ruwa da ludayi ki watsa wa duwatsun, tururi ya tashi ya bugi rufi ya sauko miki a kafaɗa da bayan kunne. In ya yi miki yawa ki sauko benci na ƙasa. Minti 10 zuwa 15 ki fito, ki watsa ruwa, ki sha ruwa, ki zauna jiki ya huce. Daren da na yi shi, ciwon bayan da nake kwasowa wajen ɗaga tsofaffi a wurin aiki yana sakina, barci kuma sai ƙararrawar Asuba.

Da damunarsu sukan ɗaure ɗanyen ganyen wata bishiya mai farin ɓawo da ta cika dajinsu, su jiƙa, su riƙa fyaɗa wa jiki. Ina gani sai na tuna Goggo da ganyen darbejiya, tana tsomawa a ruwan zafi tana fyaɗa miki lokacin jegonki na fari. Kuma abin bai tsaya nan ba. Kafin asibitoci su yawaita, a ɗakin gumi matan ƙauyensu suke haihuwa, don shi ne ɗaki mafi tsafta, ga ruwan zafi a kusa, a ciki kuma ake wanke gawa. Har ƙaho suna yi, Yaya, da ƙahon saniya sak irin na wanzamanmu, sai dai a wajensu tsofaffin mata ne suka riƙe sana'ar. Har yau ana yi, amma da safar hannu da sabuwar reza da aka ɓare a gabanki.

Akwai kuma na kuɗi, wanda kowa zai iya biya ya shiga. Mafi tsufa da ke aiki a ƙasar yana nan garinmu Tampere, sunansa Rajaportti, tun 1906 ake hura masa itace, maza daban mata daban. Irin waɗannan kuɗin shiga ba ya wuce yuro goma da 'yan kai. Na 'yan yawon buɗe ido, irin Löyly da aka buɗe a bakin teku a Helsinki a 2016, ya haura yuro 20, maza da mata kuma a haɗe da kayan ninƙaya. Ni ba na zuwa na haɗaka. Ko a ɓangaren mata su tsirara suke shiga, ni kuwa da ɗaurin ƙirji, kuma ba wadda ta taɓa yi mini kallon banza. Duk da haka awar gidana ta fi mini kwanciyar hankali, in kulle ƙofa ni kaɗai.

Likitocinsu sun daɗe suna bin wannan abu. A Jami'ar Gabashin Finland, Farfesa Jari Laukkanen da abokan aikinsa sun bi lafiyar maza 2,315 daga yankin Kuopio kusan shekara 20, suka fitar da sakamako a 2015: waɗanda ke shiga sau 4 zuwa 7 a mako, mutuwar farat ɗaya ta ciwon zuciya ta yi ƙasa a cikinsu da kashi 63 cikin ɗari in an kwatanta da masu shiga sau ɗaya. Dalilin da suke bayarwa shi ne zafi yana buɗe jijiyoyin jini, zuciya ta ƙara gudu kamar mai tafiya da sauri, bayan an fito hawan jini ya ɗan sauka. Amma ki lura, maza ne zalla, masu shekara 42 zuwa 60, waɗanda suka tashi cikin abin tun suna goye, kuma mai lafiya dama ya fi mara lafiya iya yawan shiga. Zancen da masu talla ke yi cewa gumi yana fitar da guba ko yana narka teɓa, wannan ba ya ciki. Ruwa ne ke fita, kina sha ya dawo. Zafin kuma yana kisa in an yi ganganci: a 2010 a garin Heinola wani ɗan Rasha ya mutu a gasar wa ya fi daɗewa cikin digiri 110, daga nan aka daina gasar.

Yanzu ƙanƙarar. Matan wurin aikinmu sun kama hayar wani ɗakin gumi a bakin tafkin Näsijärvi cikin watan Fabrairu, mu kaɗai. Tafkin ya daskare har mutane na tafiya a kai. An fasa rami a ƙanƙarar, an sa injin da ke motsa ruwan kada ya sake daskarewa, an shimfiɗa tabarmar roba a kan matakala. Kowa da hular ulu da safa a ƙafa. Da na sa ƙafa ruwan ya kai mini ƙugu, numfashina ya ɗauke, ƙirjina ya riƙa ja da kansa ba da izinina ba. Wata dattijuwa tana riƙe da hannuna tana cewa in fitar da iska a hankali, kada in tsoma kai. Ban yi rabin minti ba na fito. Gaskiya bayan na ɗaura tawul jikina ya ɗau wani irin ɗumi, kaina ya washe, na wuni da fara'a. Ba zan ɓoye miki wannan ba.

Amma shawarata kada ki sayi bahon ƙanƙara. Su nan ba mai shiga shi kaɗai, ba mai faɗawa gaba ɗaya, kuma ana gargaɗin mai ciwon zuciya ko hawan jini ya fara ganin likita, don sanyin yana matse jijiyoyi, jini ya hau nan take, zuciya tana iya rikicewa a minti na farko. Mu kuwa mata nawa ne ke yawo da hawan jini ba su taɓa gwadawa ba? Amarya ta yi mako tana zirga-zirga, ba ci ba barcin kirki, ki tsoma ta a ƙanƙara, in ta sume wa za ki kira? Amfanin da aka fi tabbatarwa shi ne rage tsamin jiki ga 'yan wasa bayan atisaye. Ba ya gyara fata, ba ya sa haske. Ga kuɗin ƙanƙara da halin wutarmu. Su tafki ne Allah ya ba su kyauta.

Akwatin gumin yana da dama-dama, in za ki bi shi da ƙa'ida. Ki sa ma'aunin zafi da agogo, ki ajiye ruwan sha, a iya buɗewa daga ciki, kada a bar mace ita kaɗai. Ban da mai ciki, ban da mai azumi, ban da tsakar ranar bazara lokacin da Kano ke haura digiri 40. Na'urar gwajin jini ta fi akwatin araha nesa, ita za ki fara saya. Mai jego kuma ki yi hattara sosai. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka zargi tsananin zafin wanka da kwanciya kan gado mai wuta da kunun kanwa. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, har da rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki. Ko ma mene ne, mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko take haki in ta kwanta, asibiti za a kai ta, ba ƙara mata wuta ba.

Ta fannin fata, mu ne a gaba wajen kaya. Sanyin nan da na'urar ɗumama ɗaki suna busar da fata fiye da hunturu, leɓe da diddige duk su tsage. Abin da likita ke cewa ki saya a kemis farin mai ne mara ƙamshi mara launi, irin su Aqualan. Man kaɗe kuwa, wanda ake auna mana a kwano a Kurmi, nan ɗan gwangwanin da zai ɓace a tafin hannu ya haura yuro goma. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa 'ya'yan kaɗanya, amma ɗanye ake kwashewa, ribar tana wajen mai tacewa da mai zubawa a kwalba. Shi ya sa na ji daɗi da gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyen a watan Agustan 2025, in dai za a kafa masana'antun, kada matan da ke tsintowa su kwana ciki. Halawa ma suna yi a shagunansu, sukari da ruwa da lemon tsami, babu bambanci da taki sai tsada. Gyaran fuska na awa ɗaya yana kusantar yuro ɗari, kuma na rantse bai kai santsin dilkarki ba.

Inda suka fi mu shi ne tsari. Kafin mai gyaran ta taɓa ni sai da ta tambayi magungunan da nake sha, da abin da fatata ba ta so, da ko ina da ciki, ta rubuta a kati. Kowane mai da jerin abin da ke cikinsa da ranar lalacewarsa. Sinadarin hydroquinone da ke cikin mayukan bilicin, Tarayyar Turai ta haramta shi a man shafawa tun 2001. Mu sai a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa, amma haɗin roba mara suna yana nan ana sayarwa, mata na ƙarewa da tabo da koren jijiya da fatar da ba ta ɗinkuwa in an yi tiyata. Don Allah Yaya, duk mai kawo miki haɗi, ta faɗi abin da ta zuba ko ta koma da kayanta. Naki ma, dilka da kurkum da sabulun salo, ki sa a buga miki 'yar takarda ki manna, da ranar da kika haɗa. Ki buɗe littafi ga kowace amarya, ki gwada kaya a bayan kunnenta kwana guda kafin ki shafe mata jiki.

In an sami mai tahowa, a aiko mini da man kaɗe na ainihi, wanda ba a gauraya ba, da turaren tsugunno kaɗan. Kada a haɗo da kilishi, doka ta hana shigo da nama, a filin jirgi za a ƙwace. Ni kuma zan ba shi ma'aunin zafi da na'urar gwajin jini ya kawo miki, ɗaya ta shago ɗaya ta Inna. Ki gaishe ta da kyau, da Goggo da yara duka.

Taki ƙanwarki.