Tattakin CROP na majami'un Amurka: abin da na gani, da inda kuɗin ke tafiya

A watan Oktoban da ya wuce na shiga tattakin yaƙi da yunwa da ake kira CROP Hunger Walk, tare da 'yan ikilisiyarmu a garin da nake zaune a Amurka. Ƙungiyar Church World Service, wato CWS, wadda majami'u suka haɗu suka kafa a 1946 domin agaza wa waɗanda Yaƙin Duniya na Biyu ya tagayyara, ita ce uwar shirin. An soma CROP a 1947, lokacin da manoman Amurka ke ba da hatsi ana kai wa Turai da Asiya, shi kuwa tattakin sai a 1969 aka fara shi a garin Bismak na jihar Dakota ta Arewa.

Tsarin ba shi da wuya. Mutum zai yi rajista ta intanet, ya shiga ayarin cocinsa, a ba shi shafin da 'yan uwa da abokan arziki za su zuba gudummawa da sunansa. Mu mun taru ne ranar Lahadi bayan sujada, fasto ya yi addu'a, muka taka kilomita 5, tsofaffi da sandunansu, mata na tura jarirai a keke. Na yaba da cewa ba a matsa wa kowa a kan adadin abin da zai kawo ba, kuma ba a kira sunan wani babban baƙo ya sanar da miliyoyin da ba zai biya ba, kamar yadda muka saba gani a wajen ƙaddamar da gidauniya a gida.

Taken tattakin shi ne muna tafiya domin su ma suna tafiya, ana nufin masu dogon zango neman ruwa, ko itace, ko mafaka. A nan ne na ɗan yi turus, domin wanda ya taɓa ganin mace ta ɗauko tulu daga rafi da goyo a bayanta ya san cewa taka kwalta da takalmin gudu, da gorar ruwa a hannu, ba su yi kama da waccan wahala ba. Duk da haka ban ɗauke shi riya ba, tunda yaran da aka haifa a nan ba su da wata hanyar ɗanɗana abin ko kaɗan.

Dalilin da ya sa nake ganin shirin ya cancanci guminmu shi ne ƙungiyar da ke karɓar kuɗin ba a rabon abinci kaɗai ta tsaya ba. CWS na cikin ƙungiyoyin da suka daɗe suna tsugunar da 'yan gudun hijira a Amurka, tana tarbarsu a filin jirgi, ta nema musu gida, ta sa yaransu makaranta, kuma ta yi shekaru tana tafiyar da cibiyar shirya takardunsu a Nairobi. Da Shugaba Donald Trump ya dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira a watan Janairun 2025, har da waɗanda aka riga aka tantance aka yankar musu tikiti, ƙungiyar ba ta yi shiru ba. A watan Fabrairu ta haɗa kai da HIAS, ƙungiyar Yahudawa mai agaza wa 'yan gudun hijira, da wata ƙungiyar Lutaran suka maka gwamnati a kotun tarayya da ke Siyatil, alƙali ya taka wa umarnin birki na wucin gadi, ko da yake daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage wa hukuncin ƙarfi. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin aiki daga gwamnati ta kai ƙarar gwamnatin, wannan ba ƙaramar kasada ba ce.

Sai dai ya kamata mai bayarwa ya san inda taimakonsa ke zuwa. Abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 ba ne ake barin wa rumbunan abincin mabuƙata na garin da aka yi tattakin, sauran kuma ya shiga ayyukan CWS a ƙasashe daban-daban, ba tare da mai tattaki ya zaɓi ƙasa ba. Saboda haka wanda zuciyarsa ke kan mutanen Gwoza da ke sansanin Minawao a Kamaru, ko 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da Boko Haram ta kora daga hedkwatarsu ta Kwarhi a 2014, gara ya bi ta asusun agajin Nijeriya na cocin Brethren ta Amurka, 'yar'uwar Ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda ita ma mamba ce a CWS. Ni dai na raba baikona biyu, kuma na riga na ba shugabar zumuntar matanmu sunana da na iyalina domin tattakin baɗi.