Kwana uku a wani ɗan masauki a bakin tafkin Egirdir

Shekarata ta biyu ke nan ina karatu a birnin Konya na ƙasar Turkiyya. Mu huɗu ne a ɗaki a gidan kwanan ɗalibai, kuma tun da na baro Kano ban taɓa kwana ni kaɗai ba. A ƙarshen watan Oktoba kaina ya cushe, karatu ya ƙi shiga, ga kewar gida ta sa ni gaba. Da hutun ranar Jamhuriya na 29 ga wata ya zo, sai na saɓi jakata na hau motar Isparta, na sauka a Egirdir bayan tafiyar kusan awa huɗu. Ban gayyaci kowa ba.

Garin yana gindin dutse ne, a bakin tafki na huɗu a girma a Turkiyya, a tudun da ya haura mita 900 daga teku, shi ya sa iskarsa ke da kaifi. Daga tsohuwar ganuwa wata siririyar hanya ta ratsa cikin ruwa ta haɗa tsibirai biyu, Jan Ada da Yeshilada. Masaukin da na kama ta intanet yana kan na biyun. Irin wanda Turkawa ke kira pansiyon ne: masu gida a ƙasa, baƙi a bene.

Wata dattijuwa ce ta tarbe ni. Tana jin sunana ta koma ciki ta fito da sallaya, ta hau da ni har ɗaki ta nuna mini alƙibla, ban ma tambaya ba. Daga ranar ba ta sake kirana da suna ba sai "oglum", wato ɗana, ni kuma ina ce mata "teyze", kamar dai a ce inna. Ɗakin ƙarami ne amma tsaf yake, zanen gado na ƙamshin sabulu, ga taga da ke kallon ruwa kai tsaye. Saboda tagar nan kaɗai kuɗina bai tafi a banza ba. Da asuba kiran salla yakan tsallako ruwa daga cikin gari a hankali, bayan nan sai ƙarar injin kwalekwalen masunta guda ɗaya ko biyu, sai shiru. Na zauna a wurin da shayi a hannu har rana ta haska duwatsun da ke tsallake, ban taɓa waya ba. Rabon da in ji numfashina haka har na manta.

Karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki, kuma ba a yi rowa ba: zaitun, cuku, tumatir, dafaffen ƙwai, zuma, burodi mai ɗumi, da jam na furen wardi, wanda da shi aka san Isparta. Lokacin tsinkar tuffa ne, motoci sai wucewa suke da akwatuna, kuma kowace yamma nakan tarar da faranti cike da ita a bakin ƙofata.

Amma akwai inda suka gaza. Daren farko na sha sanyi ƙwarai, domin ba su kunna ɗumin gida ba tukuna. Sai da na yi magana da safe aka kawo ƙarin bargo da ƙaramar hita, alhali ya kamata a ce tun farko suna ɗakin. Ruwan zafi kuma da rana tankin da ke saman rufi ke ɗumama shi, don haka wankan safe da ruwan sanyi ne. Intanet ba ta isa bene sosai, wannan bai dame ni ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne hotunan da suka sa a shafinsu. A hoto ruwa yana taɓa matakalar gidan. A zahiri ya ja baya, ya bar taɓo da ciyawa, kuma da la'asar akan ji ɗan wari. Na gaya wa mai gidan gaskiya cewa ya kamata su sauya hotunan. Bai musa ba. Ya ja ni bakin bango ya nuna mini da sandarsa wani tabo, inda ruwa yake kaiwa a da, tabon ya wuce ƙuguna. Ruwan sama da dusar ƙanƙara sun ragu, gonakin tuffa na zuƙar ruwan, birnin Isparta ma daga nan yake sha. Yana magana ina tuna yadda mahaifina, wanda ya yi fataucin banda daga Baga, yake ba da labarin janyewar tafkin Chadi. Irin muryar ce, irin kallon ne.

Cikin gari ba ya cin lokaci. Na yi salla a masallacin Hizir Bey, wanda hasumiyarsa ke tsaye a kan ƙofar da mutane ke wucewa ta ƙarƙashi. Daura da shi akwai madarasar Dundar Bey ta shekarar 1301, yanzu shaguna ne a cikinta. A kan tsibirin kuma akwai cocin Ayastefanos, na Girkawan da suka bar garin a musayar jama'a da aka yi tsakanin Turkiyya da Girka a 1923. Ranar Alhamis kasuwa ke ci, kada a bari ta wuce.

Zan koma wannan masauki, kuma ɗalibin da ke son ya huta da hayaniya zan tura shi can, da sharaɗin ya riƙe rigar sanyi mai kauri, ya kuma nemi hita tun yana ajiye jaka. Ranar da zan tafi teyze ta cika mini leda da tuffa, ta watsa ruwa a bayana a bakin ƙofa, kamar yadda suke yi wa matafiyi don ya je lafiya ya dawo lafiya. Mu huɗun nan mun yi mako guda muna cin tuffar a ɗaki.