Sandar fatsar Turawa a Dadin Kowa: abin da na gani cikin hunturu

Kayan gwanjo ne. A wajen wani mai sayar da tsofaffin kayan waje a Gombe na tsince su, an jingine su bayan kekunan yara, shi kansa bai san amfanin rabin abin da ke cikin jakar ba. Akwai sanda mai haɗi biyu, tsawonta ƙafa 12, wajen mita 3.6 ke nan, da injin naɗe zare, da wata 'yar na'ura mai kuka idan kifi ya ja, da dalma shida, da ƙugiyoyi, sai wata doguwar raga mai zobba kamar buhu. Ya yi kuɗi dubu 70, na taya 40, muka daidaita a 48. Tun Disamba kusan kowace Asabar ina madatsar ruwa ta Dadin Kowa da su, don haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina.

Ba don kifinmu aka ƙera kayan nan ba. Na masu farautar kaf ne, wani ƙaton kifi mai manyan ɓawo da mutanen Ingila suka ɗauka kamar sarauta. Tun 1952, da Richard Walker ya kama mai nauyin kilo 20 a tafkin Redmire, abin ya zame musu jaraba. Da sanyinsu, lokacin da ruwa ke dab da daskarewa, kaf yakan taru wuri guda ya rage ci ƙwarai, mutum ya kafa tanti a bakin tafki ya kwana biyu yana jiran ja ɗaya. In ya kama, ya auna, ya yi hoto, ya mayar ruwa. Da na ba Baba wannan labari, wani tsohon masunci da nake ajiye babur a wurinsa, sai ya daɗe yana kallona, ya ce, "Malam, su waɗannan ba su da iyali ne?"

Amma dabararsu ta yi mini rana. Hunturunmu bai kai nasu ba, duk da haka da sassafe ruwan gaɓa yakan yi sanyi, karfasa ta ja baya ta ƙi koto, manyan kuma suna can ciki. Mai kwale-kwale ya bi su da ragar kalli ko mamari, wato dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa. Ni da ba ni da jirgi, da dai sai kallo. Da sandar nan kuwa, in na ɗaura dalma mai nauyi na wurga da kyau, ina kai wajen mita 60. A nan kuɗina ya fara fita.

Injin shi ne gwarzon kayan. A bayansa akwai wani ɗan maɓalli, in ka ɗaga shi zare zai riƙa fita a sake, kifi ya ɗauki koto ya tafi bai ji an riƙe shi ba. Kana juya hannun injin sai ya kama. Asabar ta uku na ga amfaninsa. Na sa hanjin kaza, na zauna ina shan shayi daga filas, hazo ya rufe tsallake, sai na ji zare na gudu. Na fi minti 15 muna ja-in-ja. Sandar ta lanƙwashe kamar baka amma ba ta ce uffan ba, duk lokacin da ya yi kukan kura injin ya sakar masa zare, ya gaji na jawo. Tarwaɗa ce, a sikelin Baba ta yi kilo 6 da ɗoriya. Da zaren hannu ne da ko ta tsinke ko ta yanka mini yatsa. Ban mayar da ita ruwa ba, uwargida ta yi farfesu har maƙwabta suka samu.

Wani abin da ya burge ni shi ne ɗaurin ƙugiyarsu. Ba a soka koto a jikin ƙugiya, a wani ɗan siririn zare ake rataye shi a ƙarƙashinta, ƙugiyar na tsirara. Kifi mai tsotso in ya zuƙa ya ji baƙon abu zai furzar, garin furzarwa ƙugiya ta kama leɓe. Su da curin ƙullu da ƙwai da suke dafawa ya yi tauri suke amfani. Ni na gwada dafaffiyar masara, na kuma gwada ƙuli-ƙuli, ya fi komai: yana jimawa bai narke ba, ƙanshin gyaɗa na bin ruwa, ƙananan kifi ba sa iya cinye shi da wuri. Ƙurungu kam har ya ishe ni.

To, ga inda aka samu matsala. Na'urar kukan nan asarar kuɗi ce a wurinmu. Iskar hunturu na kaɗa zare sai ta hau tsiwa, ka taso da gudu ka tarar ba komai. An yi ta ne don mai barci a tanti, ni kuwa wa zai kwana a bakin Dadin Kowa alhali dorina na fitowa kiwo da dare? La'asar na yi nake naɗe kayana. Ƙura ma tana shiga injin, sai na kwance na goge na sa mai duk bayan fita biyu. Sannan ƙasan ruwan cike yake da kututture da duwatsu, tun da ƙasa ce ruwa ya ci bayan an datse kogin Gongola a 1984. Cikin dalma shida saura biyu, yanzu tsofaffin noti nake ɗaurawa. Ɗaukar sandar a babur kuwa, kilomita 30 da 'yan kai daga Gombe, kowane ɓari kusan tsayin mutum, sai wanda ya gwada.

Ragar mai zobba ta masu gasar kogi ce. A Ingila ana yin ƙuri'a kowa ya ja lambar mazauninsa, a zauna yawanci awa 5, duk abin da aka kama a zuba cikin ragar yana raye a ruwa, a ƙarshe a auna jimillar nauyi. Ya sha bamban da Argungu, inda ƙaton kifi guda ke ba mutum nasara. Mu biyar muka kwaikwayi abin a kogi, ƙasa da madatsa, muka rubuta lambobi a takarda muka zuba a hula. Na sha kashi. Sandar ta yi wa ƙananan kifi nauyi, ko sun taɓa ba na ji, ƙugiyoyin kuma sun fi ƙarfin bakinsu. Jikan Baba, yaron da bai wuce shekara 12 ba, da sandar gora da tana da ɗan dusar da yake watsawa a-kai-a-kai, shi ya tara karfasa ya cinye mu duka. Ashe abin da zakarun can irin su Alan Scotthorne, wanda ya ci kofin duniya na kamun kifi sau 5, suke yi ke nan: ciyarwa kaɗan-kaɗan ba fashi, a tara kifi a gabanka.

Wanda yake su don ciyar da gida, kada ya sa kuɗinsa a nan, kalli ɗaya ya fi masa. Amma ma'aikaci irina mai neman manya daga gaɓa, in ya ga irinta ya saya. Ya dai bi zobban sandar da yatsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya, don mai tsaga tana cin zare. Zoben ƙarshe na sandata haka yake, sai da na rasa kifi biyu na gano. Zaren da ya zo a kan injin ma a zubar, ya riga ya tsufa. Na'urar kukan na ba yara suna wasa da ita. Baba kuwa, da ya gama yi mini dariya, makon jiya ya kawo ƙugiya 10 ya ce in ɗaura masa irin na ƙuli-ƙulin nan zai gwada a mamarinsa.